Rufin Asirin Da Ke Haifar Da Ɓarna: Tsokaci Kan Fyaɗen Yara Da Kisan Gilla

Gabatarwa

Akwai maganganun da Bahaushe ba ya son a ɗaga murya a kansu, ko da kuwa suna cin sa a rai. Ɗaya daga cikinsu ita ce maganar baligin da ke keta haddin ƙaramin yaro ko yarinya. Na san wasu daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su ce me ya haɗa mai nazarin harshe da al'ada da wannan batu, ai aikin likitoci ne da 'yan sanda da alƙalai. Amsar da zan bayar ita ce, al'adar nan da muke nazari ita ce ke yanke hukuncin abin da za a faɗa a fili da abin da za a binne a zaure, kuma kalmomin da muke koyon ƙirarsu a aji su ne ake jifar yaron da su bayan an cuce shi. Saboda haka maganar tamu ce.

Tambayar da wannan ɗan rubutu zai duba ita ce: shin yaron da aka yi wa fyaɗe yana ƙarami, shi ne ke girma ya zama mai yi wa wasu, har ta kai shi ga kisa? Abin da nake nufi da kisan fyaɗe a nan shi ne kisan kai wanda ke tattare da keta haddin wanda aka kashe. Ra'ayina shi ne akwai dangantaka tsakanin abubuwan biyu, amma fa dangantakar ba ta tilas ba ce, kuma abin da ya fi ƙarfafa ta shi ne watsin da ake yi da yaron bayan abin ya faru. A wannan wajen ne mu mutanen ƙauyukan arewacin Kano muke da laifin da za mu iya gyarawa.

Abin Da Ya Sa Na Ɗauki Alƙalami

A wani dogon hutu da na yi a gida, lokacin gero ya yi kai, aka kama wani magidanci da wani yaro ɗan shekara tara a bayan gari. Ba zan ambaci ƙauyen ba, balle mutanen. Kafin magariba dattawa sun taru a zaure, an kira uban yaron, an ba shi haƙuri, an tuna masa zumunci da auratayyar da ke tsakanin gidajen biyu. Mai laifin ya rantse ba zai ƙara ba, aka yi fatiha, aka watse. Ba wanda ya kai yaron asibiti, ba kuma wanda ya zaunar da shi ya gaya masa cewa ba shi da laifi. Da sa'o'insa suka fara yi masa waƙar zambo a dandali, sai uban ya haɗa masa allo da ɗan ƙunshin kaya ya tura shi gabas karatu. Mai laifin kuwa yana nan, yana nomansa, ana gaisawa da shi a masallaci da kasuwa.

Tun daga ranar nan nake tambayar kaina, wane irin mutum muka aika duniya? Mai yiwuwa Allah ya haɗa shi da malami nagari ya warke. Mai yiwuwa kuma ya girma da wuta a zuciya wadda ba wanda ya san da ita.

Abin Da Masu Waiwaye Suka Gano

Binciken da ya fara jawo hankalin duniya ga wannan batu an yi shi ne a Amurka. Tsakanin 1979 da 1983, jami'an hukumar binciken manyan laifuffuka ta ƙasar, watau FBI, Robert Ressler da John Douglas, tare da wata malamar jinya mai suna Ann Burgess, suka bi gidajen yari suka yi hira da mutum 36 waɗanda aka ɗaure saboda kisan fyaɗe. Daga cikin 28 da suka ba da amsa game da ƙuruciyarsu, 12 sun ce an keta haddinsu suna yara, watau kashi 43 cikin ɗari ke nan. Masu binciken sun kuma lura cewa waɗanda aka cuta suna yara sun fi sauran tsananta ta'asa a kan waɗanda suka kashe. Littafin da ya ƙunshi wannan bincike ya fito a 1988.

Bayan shekara 30, watau a 2018, Matt DeLisi da Eric Beauregard suka duba tarihin fursunoni maza 616 a Kanada waɗanda aka ɗaure saboda laifuffukan fyaɗe, 85 daga cikinsu har da kisa. Suka ga cewa gwargwadon yawan masifun da mutum ya sha yana yaro, kamar duka da cin zarafi da ganin tashin hankali a gida, gwargwadon yiwuwar a same shi cikin waɗanda suka kai ga kisa.

To, amma irin wannan bincike yana da rauni iri biyu, kuma wajibi ne ɗalibi ya san su. Na farko, waiwaye ne: an fara da mai laifi sannan aka koma baya. Alal misali, in ka je asibiti da damina ka tambayi waɗanda maciji ya sara, kusan dukkansu za su ce maka a gona ne. Wannan bai nuna cewa duk wanda ya je gona maciji zai sare shi ba, domin dubban manoman da suka dawo gida lafiya ba su zo asibitin ba balle ka ƙidaya su. Na biyu, mai laifi yana da dalilin yin ƙarya, don neman sassauci ko tausayi. Wata mai jinyar irin waɗannan masu laifi a jihar Oregon ta Amurka, Jan Hindman, ta nuna cewa kusan kashi biyu bisa uku nasu kan ce an cuce su suna yara, amma da aka sanar da su za a gwada su da na'urar gano ƙarya, sai masu faɗin haka suka koma ƙasa da kashi ɗaya bisa uku.

Abin Da Masu Bin Sawu Suka Gano

Hanya ta biyu ta fi wuya, ta kuma fi inganci. A nan ana farawa ne da yaran da aka tabbatar an cuce su, a bi sawunsu shekara da shekaru a ga abin da suka zama.

A Ingila, Daniel Salter da abokan aikinsa sun bi sawun yara maza 224 waɗanda aka kai asibitin yara na Great Ormond Street a Landan bayan an keta haddinsu. Sakamakon da suka buga a 2003 ya nuna 26 ne kawai, watau kashi 12 cikin ɗari, aka samu sun aikata irin wannan laifi daga baya. Abin lura shi ne abin da ya bambanta waɗannan 26 da sauran: sun fi fama da rashin kulawa da rashin mai sa ido a kansu, kuma sun fi ganin mummunan tashin hankali a cikin gidajensu.

A jihar Victoria ta Ostareliya, James Ogloff da abokan aikinsa sun duba bayanan yara 2,759 da aka cuta tsakanin 1964 da 1995. A rahotonsu na 2012, kashi 5 cikin ɗari na mazan ne aka samu da laifin fyaɗe daga baya, alhali a cikin sauran maza na gari abin bai kai kashi 1 ba. Watau haɗarin ya ninka sau da yawa, amma duk da haka mutum 95 cikin 100 ba a same su da wannan laifi ba.

Har ila yau, a Amurka, Cathy Widom ta bi sawun yara 908 waɗanda kotu ta tabbatar an zalunce su ko an yi watsi da su tsakanin 1967 da 1971, ta kwatanta su da wasu 667 sa'o'insu. A 2015, bayan yaran sun manyanta, ita da Christina Massey suka ba da rahoton cewa waɗanda aka gallaza wa da duka da waɗanda aka yi watsi da su sun fi sauran shiga hannu saboda laifin fyaɗe, amma ga waɗanda aka keta haddinsu, bambancin bai kai ƙarfin da za a kafa hujja da shi ba.

Akwai kuma hujjar da ba ta bukatar lissafi mai zurfi. A mafi yawan ƙasashen duniya 'yan mata sun fi maza yawa cikin yaran da ake yi wa fyaɗe, amma kusan dukkan masu kisan fyaɗe maza ne. Da a ce cutar ita kaɗai ke haifar da makashi, da mata sun fi yawa a cikin makasa.

Kurakurai Biyu Da Za A Guje Wa

Idan aka haɗa waɗannan bincike wuri guda, za a ga cewa cin zarafin yaro kamar garwashi ne da ya faɗa kusa da rumbu. Yakan mutu in an zuba masa ƙasa da wuri, yakan kuma tashi in ya sami kara da iska, watau kaɗaici da duka da yunwa da rashin mai saurare. Daga nan kurakurai biyu ke jiran mai karatu marar natsuwa.

Na farko shi ne a riƙa kallon yaron da aka cuta a matsayin mugun gobe, a hana 'ya'ya wasa da shi, a ƙi ba shi aure in ya girma. Wannan zalunci ne a kan zalunci, kuma shi ne ainihin iskar da ke hura garwashin. Na biyu shi ne a mai da ƙuruciyar makashi hujjar wanke shi. Wanda ya kashe rai ya kashe, kuma dubban da suka sha abin da ya sha ba su taɓa kowa ba. Sanin tarihinsa amfaninsa shi ne a kare yaran da ke tasowa, hukuncinsa kuwa yana nan a kansa.

Halin Da Muke Ciki

Kada wani ya ce wannan cutar Turawa ce. A 2014 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, tare da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta yi bincike a duk faɗin Nijeriya. Aka samu cewa yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma sun gamu da wani nau'in keta haddi kafin su cika shekara 18, kuma waɗanda suka sami wani taimako ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. A watan Satumba na 2019, 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu kuma suka ba da labarin an keta haddinsu a ciki. A watan Yuni na 2020 aka kama wani mutum a Kwanar Ɗangora, a kudancin jiharmu, bisa zargin yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara guda, daga ƙaramar yarinya har tsohuwa 'yar shekara 80. A cikin wannan watan ne gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, bayan kisan wata ɗalibar Jami'ar Benin da wata budurwa a Ibadan. A watan Oktoba na shekarar, kotu a Fatakwal ta yanke wa Gracious David-West hukuncin kisa saboda matan da ya riƙa kashewa a ɗakunan otal a 2019. Abin tambaya game da Kwanar Ɗangora shi ne, yaya aka yi mutum ɗaya ya kai 40 kafin a tare shi? Lalle shirun gida na farko da na biyu da na goma shi ya share masa hanya.

Mu dawo gida. Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, har zuwa su Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa, a miƙa Bichi da Ɗambatta, tana cikin karkarar da ta fi cika da jama'a a Afirka ta Yamma. Michael Mortimore da J. Wilson sun bayyana ta tun 1965: gona na jingine da gona, ba a barin saura, taki ke riƙe da ƙasa. Mutum zai zaci inda jama'a suka yi yawa haka ba inda mugu zai ɓuya. Amma wanda ya tashi a can ya san da damina dawa da gero kan fi tsayin mutum, kuma yara ne ke ratsa su su kai abinci gona, su yiwo ciyawa, su kai tumaki kiwo. Da rani magidanta da samari sun tafi cin rani, an bar gidaje da mata da tsofaffi. Matan aure suna kulle, saboda haka 'yan mata ke ɗaukar talla suna shiga zauruka da shagunan samari, kamar yadda Enid Schildkrout ta nuna game da birnin Kano a shekarun 1970, cewa sana'ar matar kulle a kan ƙafar yara take tafiya. Ga kuma almajirai, waɗanda aka raba da iyaye tun suna shekara shida ko bakwai, suna kwana cikin gardawa, ba uwar da za su faɗa wa.

Daɗin daɗawa, cunkoson nan shi ne ke ɗaure bakin mutane. A ƙauye kowa ɗan'uwan kowa ne, ko suruki, ko maƙwabcin gona. Wanda ya kai ƙara ya san da wa zai haɗu gobe a wurin gayya ko jana'iza. Uban yarinya kuma yana tunanin wa zai aure ta in magana ta fita. Haka ake sayen zaman lafiyar manya da lafiyar yaro.

Laifin Harshe

A nan ne aikin ɗalibin Hausa ya shigo. Mu duba yadda muke faɗin abin. Mukan ce an lalata ta, ko an ɓata ta. Waɗannan kalmomi da su muke siffanta tuwon da ya kwana ya yi tsami, ko ƙwaryar da ta fashe. Ɓarnar ta koma kan yarinyar, ta zama sunanta, wanda ya aikata kuwa ya ɓace cikin wannan ɗan lamiri "an" wanda ba ya nuna kowa. Idan namiji ne aka cuta, sai mu ce an kama su suna luwaɗi, kamar dai yaro ɗan shekara tara abokin shawara ne a cikin abin. Ita kanta dokar laifuffuka da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ta ɗauki fyaɗe a matsayin abin da namiji ke yi wa mace kawai, sai a 2015 dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane ta faɗaɗa ma'anar ta haɗa da maza.

Haka nan kalmomin kunya da rufin asiri. Kyawawan ɗabi'u ne, da su aka san Bahaushe, amma an yi su ne don kare mai rauni, kamar maƙwabcin da ya kwana da yunwa ko matar da aurenta ke tangal-tangal. In aka shimfiɗa su a kan azzalumi sun tashi daga matsayinsu. Yaron da aka koya wa cewa ambaton al'aurarsa rashin kunya ne, kuma musa wa babba rashin tarbiyya ne, an raba shi da kalmomin da zai nemi ceto da su.

Tsananin Hukunci Kaɗai Bai Isa Ba

A watan Satumba na 2020, Gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasir El-Rufa'i, ya sa hannu a dokar da ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Jama'a da yawa sun yi murna, kuma na fahimci dalilinsu. Indiya ma a 2018 ta tanadi hukuncin kisa ga mai yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 12 fyaɗe. Amma akwai abu biyu da ya kamata a auna. In hukuncin fyaɗe da na kisa suka zama ɗaya, mugu na iya ganin ba abin da zai rasa in ya kawar da shaidar da za ta tona shi. Sannan tun da yawanci mai laifin sananne ne ga yaron, dangi za su ƙara ɓoyewa in sun san ƙarar za ta kai ɗan'uwansu ga igiya. A ganina, abin da ke tsorata mai laifi shi ne tabbacin za a kama shi a kuma hukunta shi, ko da hukuncin ɗauri ne. Doka mai kaifi wadda ba a kai mata ƙara, takobi ne a kube.

Shawarwari

Jihar Kano ta sami dokar kare yara a 2023, shekara 20 bayan dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003. Abin da ya rage shi ne ta fito daga takarda ta isa zaure. Ina ba da shawara kamar haka.

Da farko, masarautu su umarci dagatai da masu unguwanni cewa maganar keta haddin yaro ba ta cikin abin da ake sasantawa, kamar yadda ba a sasanta kisan kai. Na biyu, akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke birni, mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, amma manomin Kunci ko Makoɗa ba lalle ya san da ita ba, in ma ya sani kuɗin mota na iya hana shi. Ya kamata a sami irinta a manyan asibitocin Bichi da Ɗambatta, a kuma haɗa ta da masana lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Dawanau, domin raunin zuciya ya fi na jiki daɗewa. Na uku, a kula da yara maza kamar yadda ake kula da mata, a kuma sa ido a kan wuraren kwanan almajirai, tare da malaman tsangaya, waɗanda mafi yawansu mutanen kirki ne masu son a tsarkake sunan karatun allo. Na huɗu, limamai su faɗa a kan mumbari cewa yaron da aka zalunta ba shi da zunubi kuma ba shi da abin kunya.

Na biyar kuma namu ne. Sashen Hausa na iya zama ya tsara kalmomi masu tsabta waɗanda uwa za ta iya koya wa ɗanta ba tare da jin nauyi ba, da tatsuniyoyi da wasannin kwaikwayo na rediyo masu koya wa yaro cewa akwai taɓawar da ake ƙi ko daga wa ta fito. Masu neman batun kundin digiri kuma ga fili nan: a tattara yadda mutanen karkara ke ambaton wannan laifi, a ga wa kalmomin ke ɗora wa nauyi.

Kammalawa

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mukan kuma kawo wannan karin magana in za mu hori yaro. Ya kamata mu tuna cewa iccen da aka sara yana ɗanye shi ma a lokacin ne ake ɗaure shi ya haɗe. Binciken da na kawo ya nuna mafi yawan yaran da aka cuta ba sa cutar kowa, kuma 'yan kaɗan ɗin da suka zama abin tsoro galibi su ne waɗanda ba su sami mai kula da su ba. Yaron nan na ƙauyenmu da aka tura gabas yana da haƙƙi a kanmu ko da ba zai taɓa cutar kowa ba, domin an zalunce shi, mu kuma muka yi shiru. Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya koma gida hutu ya tarar an taru a zaure a kan irin wannan magana, ya daure ya tambayi dattawa cikin ladabi: shi yaron fa, wa ya kai shi asibiti, wa kuma ya saurare shi? Allah ya kare mana zuriya, ya ba mu ikon faɗin gaskiya.